Kwana Huɗu da Akwatin Ƙanƙara a Arewacin Maradi

Aikin da aka ba ni a wannan tafiya bai wuce riƙon akwati ba. Da muka idar da sallar asuba a Bagalam, yayana, wanda ɗan wan mahaifina ne kuma ya daɗe yana aikin lafiyar bisashe, ya ɗora mini wani shuɗin akwatin roba a cinya, ya ce in riƙe shi kamar yadda ake riƙe jinjiri, kada in buɗe shi sai da izininsa, kuma duk inda mota ta tsaya in nema masa inuwa kafin in nema wa kaina. A cikinsa akwai ƙananan kwalaben allurar rigakafi da aka haɗa a ɗakin binciken kiwo na ƙasa da ke Yamai, wanda ake kira LABOCEL, an jera su a tsakanin robobin ƙanƙara, domin maganin ba ya son zafin da ya wuce digiri 8. Ƙarshen watan Disamba ne, hunturu ya kankama, hazo ya rufe Gulbin Maradi har ba a hango mangwarorin da ke bakinsa, ni kuwa ina rawar ɗari da ƙanƙara a jikina, direba yana ta yi mini dariya.

Ni malamin makaranta ne, kuma ɓacin rai ne ya haɗa ni da wannan aiki. Da kakar da ta wuce wata cuta ta shiga awakin Innarmu, su bakwai, ta bar mata uku. Da majina ta fara, sai idanu suka yi kwantsa, baki ya yi gyambo, sannan zawo ya biyo baya, kuma cikin mako guda aka fitar da huɗu. Duka jajaye ne, irin akuyar nan da duniya ta sani da sunan Maradi, wadda aka kafa wa cibiyar kiwo ta kanta a garin tun 1963, mai yawan haihuwar tagwaye, wadda fatarta ta daɗe tana bin ayari zuwa arewacin Afirka har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. A wurin Inna kuwa su ne asusunta, da su take sayen magani, da su take fita kunyar bikin jikokinta. Na je wa Yaya da maganganu masu zafi, ina tambayarsa amfanin aikinsu idan akuya za ta mutu haka a tsakiyar birni. Bai yi musu da ni ba. Ya tambaye ni ko an kai awakin allura a zagayen bara, na yi shiru domin na san ba a kai su ba, sai ya ce: "To Malam, idan kun sami hutu ka biyo ni daji, gani ya kori ji."

Mun bi ta Tibiri, garin Sarkin Gobir, sannan muka karkata arewa muka kama hanyar Dakoro ta Kornaka. An riga an kwashe gero, gonaki sun zama fili, kuma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa ɗabi'a, yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi kore shar da rani lokacin da daji ya bushe. Kusan kowane gawo akwai tumaki ko awaki a gindinsa suna tsintar ƴaƴansa, suna bar wa mai gona taki. Dattawa sun sha gaya mana cewa bayan farin 1973 da na 1984 mutum yakan tsaya a waɗannan gonaki ya hangi gari mai nisa babu itacen da ya tare masa ido. Sassaben zamani ne ya dawo da su, wato barin tohon kututture a gona ana rage masa rassa maimakon a sare shi, dabarar da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman wannan jiha a 1983, har ta kai ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da suka sake yin itace a kudancin Nijar. Ni inuwa nake gani, Yaya kuwa abincin dabba yake gani, domin a cewarsa da yawa daga cikin cututtukan da ake kiransa a kansu a watan Afirilu da Mayu yunwa ce ta yi shigar burtu. Ya kuma nuna mini burtalin da ke bin gefen hanya, wanda garmani ya cinye ƙaf, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba, ta kori karangiya da sauran ciyayin da aka saba kiwo a kansu.

A Dakoro muka ɗauki mutum na huɗu, wani saurayi mai jaka a kafaɗa, wanda Yaya ya ce mini mataimakin likitan dabbobi ne na wani ƙauye. Sai a nan na fahimci yadda aikin yake tafiya. Da can ma'aikatan gwamnati ne ke yin komai, daga shekarun 1990 kuma aka buɗe ƙofa ga likitoci masu zaman kansu, galibinsu suka tsaya a manyan birane inda ake ciniki, daji ya zauna babu mai leƙa shi. A 2003, a nan Dakoro, ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam da ake kira VSF tare da ƙungiyar Karkara ta ƴan ƙasa suka gwada wani tsari: a zaunar da likita guda a babban garin gunduma da kantin maganinsa, a zaɓi matasa daga ƙauyuka da rugage waɗanda mutanensu suka yarda da su, a koya musu gane cututtukan da aka fi fama da su da yin allura da ba da maganin tsutsa, su riƙa sayen magani a wurin likitan suna aiki a ƙarƙashinsa, gwamnati kuma ta ba shi izinin yin rigakafin shekara-shekara da sunanta. Daga baya tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi. Saurayin nan karatunsa bai wuce aji shida ba, amma da muka fara aiki sai na ga ya san kowace akuya ya san uwarta.

Ƙauyensu muka fara sauka, da hantsi. Tun jiya mai shela ya zagaya, don haka muka tarar da mata da yara sun cika gindin wata tsamiya, kowa da igiyoyi a hannu, kukan awaki ya hana a ji magana. Yaya ya karɓi akwatin, ya fitar da kwalba ɗaya tak, ya narkar da garin maganin da ruwansa mai sanyi, ya dubi agogo ya ce daga yanzu awa biyu gare mu. Wannan ita ce allurar cutar da ta kashe awakin Inna, wadda ma'aikata ke kira PPR. An fara gane ta a Kodebuwa a 1942, kuma a 2015 ƙasashen duniya suka taru a Abijan suka ɗaura aniyar kawar da ita zuwa 2030. Allurar kyauta ce, a ƙarƙashin fata ake yin ta, kuma dabbar da aka yi wa sau ɗaya ta tsira shekaru, galibi har iyakar rayuwarta. Shi ya sa ake yi mata ɗan tsagi a gefen kunne da wani ƙaramin almakashi, don kada baɗi a sake ɓata magani a kanta.

A kan wannan tsagi aka yi gardamar farko. Wata dattijuwa ta riƙe ragonta gam, wani ƙaton balami fari da take kiwon turke, ta ce allura dai a yi, amma ba mai taɓa masa kunne, domin na layya ne, kuma ba za ta yi wata da watanni tana zuba masa dusa da harawa ba sannan mai saye ya zo ya ce yana da aibi. Saurayin ya durƙusa ya ce: "Gwaggo, ki yi haƙuri, tsagin bai kai farcen yatsa ba." Ta ce ita ba da yaro take magana ba. Sai da aka aika aka kira liman, ya zo ya duba almakashin, ya duba kunnen wata tunkiya da aka riga aka yi wa, ya ce abin da malamai suka hana shi ne yankan da ya wuce sulusin kunne, wannan kuwa ko kusa bai yi ba. Ta saki igiyar, amma ta juya baya har aka gama. Na lura Yaya bai ce uffan ba, kuma da na tambaye shi daga baya ya ce maganar da ɗan gari da liman za su iya kashewa, baƙo mai mota ba ya tsoma baki a cikinta, in dai yana so a sake tara masa dabbobi baɗi.

Yawancin awakin na mata ne, da dama kuma na habbanaye ne, al'adar nan ta Fulani ta ba da aron uwa har ta haihu, a mayar da ita a riƙe ƴaƴan, wadda ƙungiyoyin agaji suka ara suka yaɗa a ƙauyukan Hausa. Duk wanda ya ga abin da ya faru a jihar nan a 2005, lokacin da asibitocin tamowa suka cika da yara, ya san darajar rabin moɗa na nonon akuya a cikin kunun yaron da aka yaye.

Kashegari muka ƙetare kwarin Tarka. Wata doka ta 1961 ta shata iyakar noma a wannan tsakani, ta ce abin da ke arewa da ita ƙasar kiwo ce, amma gonakin gero sun daɗe da tsallake layin. Muka bar babbar hanya, sai rairayi da tumfafiya da aduwa jefi-jefi. Rijiyar da muka nufa tana wajen Barmo, mai zurfi ƙwarai, sai an ɗaura igiyar wasaki a jikin takarkari yaro ya kora shi ya yi nisa kafin ruwa ya iso baki. Jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙaho sun kewaye komin sha, ga tumakin Udawa masu rabin jiki baƙi rabi fari, ga raƙuman Buzaye suna jiran a zo kansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne caɓin da ke bakin rijiyar, inda ruwa da fitsari da kashin dabbobi suka cakuɗe, igiyar tana jan ciki a cikinsa sannan ta koma ƙasa, kuma daga wannan wasakin ne mata ke cika jarkokin da za a sha a ruga. Ni ma na sha, don babu wani.

Ardo ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka shimfiɗa tabarma aka dafa shayi. Tsoho ne da ya ga zamanin bushiya, annobar shanun da ta shigo ƙasar Hausa wajen 1890 ta share garkuna, wadda aka fara yi wa gangamin allura na ƙasa da ƙasa a 1962 daga Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru, aka kuma yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011, cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa bayan agana. Ya ce: "Likita, ta bushiya kun yi kun gama, ba mu sake ganinta ba. Wannan ta huhu kullum kuna dawowa, kuma bara wuyan karsanata ya kumbura kamar tulu." Yaya bai musa ba. Ya ce gaskiya ne allurar ciwon huhu ba ta kai ta bushiya ƙarfi ba, kariyarta ba ta cika wuce shekara ba, kuma wani lokaci wurin yakan kumbura, wanda idan aka kira da wuri ana maganinsa. Amma cutar tana bin numfashi, saniyar da ta warke a ido tana iya ɗauke da ita a huhunta watanni, kuma a bakin rijiya irin wannan, inda garken da ya fito Najeriya ke haɗa hanci da wanda ya gangaro daga Azawak, saniya ɗaya ta isa. Ardo ya gyaɗa kai, ya sa aka koro shanu cikin shingen ƙarfe. Ni ke riƙe da rajista, na rubuta 64. Saurayin ya raɗa mini cewa wannan ko rabi bai kai ba, sauran suna bayan tudu, domin har yau Bafulatani bai manta da jangali ba, kuma duk mai biro da takarda a wurinsa mai ƙidayar haraji ne.

Da la'asar sakaliya, muna naɗe kaya, sai ga yaro a guje yana kiran Ardo da Fulatanci. Wata saniya ce a cikin na bayan tudun ta faɗi. Kafin mu isa ƴaƴan Ardo sun riga sun sa mata wuƙa, kamar yadda kowane makiyayi zai yi don kada ta mutu mushe, ɗaya har ya fara wasa wuƙar fiɗa. Saniya ce mai ƙiba, wadda aka ce da safe ta sha ruwa lafiya lau. Yaya ya tsaya nesa kaɗan yana kallon jinin da ke ƙasa, baƙi ƙirin kamar kwalta, ya ƙi daskarewa, ga wani yana tsattsafowa ta hanci da ta dubura, cikin kuma har ya fara kumbura. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce kowa ya ja da baya, kada a fasa cikin nan, kada a bar kare ya matso.

Ya ja Ardo gefe, ni ina biye, ya ce masa yana zargin ciwon saifa ne. Ya bayyana masa cewa ƙwayar cutar, da zarar an buɗe cikin dabba iska ta taɓa ta, takan yi wa kanta ɓawo ta kwanta a ƙasa gomman shekaru, rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta, sai wata shekara dabba ta zo tana kiwo ƙasa-ƙasa ta haɗiye ta. Wanda ya feɗe saniyar zai iya samun ƙurji mai baƙin tsakiya a hannu ko a wuya, wanda ya ci naman kuwa cutar na iya kama hanjinsa ta kashe shi cikin kwanaki, fatar ma idan aka shanya aka kai kasuwa za ta tafi da cutar har hannun majemi. Ardo ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce an yanka ta da sunan Allah tana da rai, halal ce, kuma akwai gidaje a rugar nan da rabonsu da nama tun Sallar layya. Yaya ya ce: "Baba, ban ce haram ba ce, wannan fagen malamai ne. Guba na ce. Idan ka ce a ci, ba ni da sojan da zai hana, amma ina roƙonka kada jikokinka su ci."

A nan ne ɗaya daga cikin samarin, wanda ya ji direba yana kirana mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal a ƙasar nan, daga kalmar Faransanci "monsieur", ya ce cikin fushi yau dai sun ga ikon Allah, an kawo musu mushe a mota, an kuma mayar musu da halal mushe. Dariyar da aka yi ce ta sassauta wurin, har Ardo ya murmusa, ya ce a kawo dagi da shebur.

Mun yi haƙa har bayan lisha da hasken fitilar mota, sai da ramin ya fi tsayin mutum. Yaya ya sa safar hannu ya ɗebi ɗan jini daga kunnen saniyar a kan gilashi don a aika ɗakin bincike, aka tura ta ciki da sanduna, aka kankare ƙasar da jinin ya jiƙa aka zuba mata, aka tula itace, aka tsiyaya man da muka yi guzuri aka cinna wuta, da ta ci ta lafa aka rufe, aka jibga ƙaya a kai saboda karnuka da dila. Samarin biyu da suka yi yankan ya sa suka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, aka ƙona tsummokaran da jini ya taɓa, ya kuma ce da safe za su bi mu zuwa gidan likita. Ban ji an yi kuka ba, amma matar da saniyar take tata ta tsaya daga nesa da ƙwaryar tatsa a hannu har wutar ta mutu.

A rugar muka kwana. Aka kawo mana madara da ɗuminta daga hantsa, Yaya ya karɓa ya yi godiya, ya juye ta a tukunya ya tafasa a gaban kowa kafin ya sha, bai yi wa kowa wa'azi ba. Da Ardo ya tsokane shi cewa mutanen birni cikinsu na takarda ne, sai ya tuna masa da 2016, shekarar da zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a wajen Cintabaradan da Tasara a jihar Tawa, dabbobi suka riƙa ɓari, mutum fiye da 30 suka rasu, galibinsu makiyaya da suka taɓa jini ko ɗan tayin da aka zubar, ko suka sha ɗanyar madara. Ya ƙara da bakkale, mai sa saniya ɓari ta bar mai shan nononta da zazzaɓin da ake ta ɗura wa maganin sauro ba ya sauka, da tarin fukan shanu wanda shi ma yana bin madara. Ardo yana da dangi a Cintabaradan, kuma bai sake maganar cikin takarda ba.

Gidan likitan da muka kai samarin ɗaki uku ne da firigo mai aiki da hasken rana. Ma'aikaciyar jinya ta duba hannuwansu, ta ba su magani, ta ce su dawo da gudu idan suka ga ƙurji. Ba ta yarda a sa kwalabenmu cikin firigon alluran yara ba, kuma tana da gaskiya, amma ta musanya mana robobinmu da suka narke da nata daskararru. Ladan da ta nema shi ne Yaya ya zana mata a takarda rijiyoyin da rugage suka yada zango a wannan wata, domin yaran da ba a yi wa allurar ƙyanda da ta shan inna ba suna can inda shanu suke, ita kuwa ba ta da mota. Yaya ya ce mata a Cadi tun shekara ta 2000 aka gwada fita da ma'aikatan lafiyar mutane da na dabbobi a mota ɗaya zuwa wurin makiyaya, kuɗin tafiya ya ragu, yaran da aka samu suka ƙaru. A ganina takardar nan da ya zana a tsaye, da biro na, ta fi tarukan bita da yawa da ake yi a otal kan abin da yanzu ake kira lafiya ɗaya, wato haɗa kula da lafiyar mutum da ta dabba wuri guda.

Ranar kasuwar garin ce, sai na ɗan zaga. A kan wata tabarma cikin rana tsaka na ga kwalaben allurar dabbobi, wasu rubutunsu ya koɗe, wasu kwanan watansu ya wuce, an jera su kusa da ƙwayoyin ciwon kai na mutane da maganin ƙwari. Mai tabarmar yana zuƙo wa makiyayi a sirinji gwargwadon kuɗinsa, babu ruwansa da nauyin dabba. Saurayinmu ya ce wannan tabarma ita ce babbar kishiyarsa, domin nasa maganin ya fi tsada, ga shi kuma yana gaya wa mutane abin da ba su son ji, cewa saniyar da aka yi wa allurar oksitetirasikilin ba a shan nononta sai bayan kwanaki, ba a cin namanta sai bayan makonni, in ba haka ba ragowar maganin yana shiga jikin mutum, ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da yaro zai buƙace shi a asibiti ya ƙi ci.

Da yammacin ranar, a kusa da Gadabeji, gandun dajin da aka keɓe tun 1955 wanda aka mayar wa raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018, motarmu ta nutse a rairayi har ciki. Mun baro wata rijiya ne da ragowar kwalbar da aka riga aka narkar, da niyyar ƙarasa ta a rijiya ta gaba, tafiyar rabin awa. Awa uku muka yi muna tono muna shimfiɗa rassa a ƙarƙashin taya. Da muka isa, makiyayan da ke jira tun azahar suka taso, Yaya ya ɗaga kwalbar ya nuna musu, ya ce wannan ta mutu, ya jefa ta cikin kwalin da ake tara na ƙonawa, ya buɗe sabuwa. Na ce masa a hankali, ai ba wanda zai sani. Ya ce awakin za su sani da bazara, kuma idan suka mutu da tsagi a kunne, sai a yi shekara goma ba a sake kawo wa kowa dabba a rijiyar nan ba. Raƙuman dawa kuwa ban gan su ba, sai wani sawu da direba ya nuna mini ya rantse nasu ne, ni kuma na yarda saboda gajiya.

Mun dawo Maradi daren kwana na huɗu, na miƙa akwatin babu komai a ciki sai robobin da suka koma ruwa. Da zagayen ya iso unguwarmu ni da kaina na ja awakin Inna uku, ƴan biyun da ɗaya ta haifa kuma aka ce sai sun cika wata uku, Inna ta biyo ni har wurin don ta ga girman tsagin da idonta. Bayan mako biyu Yaya ya kira ni a waya daga wajen Barmo. Sakamakon jinin ya tabbatar da zarginsa, ya koma da allurar saifa, wadda ba ta cikin na kyauta a wannan zagaye, sai mai dabba ya biya. Samarin biyu lafiyarsu ƙalau. Ya tambaye ni ko na tuna shanu nawa na rubuta wa Ardo a rajista, na ce 64. Ya ce yau ya yi wa 151, Ardo da kansa ya tsaya a bakin shingen yana kiran kowace saniya da sunanta, shi kuwa bai tambaye shi inda sauran suka fito ba.